Godiya daga Gadarif ga waɗanda suka riƙe mana wannan hidima

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu ga 'yan'uwa na Najeriya da Nijar, da kuma iyayenmu da maƙwabtanmu Hausawan Sudan da wannan saƙo zai iske.

Asabar ɗin da ta wuce aka yi addu'ar godiya a tsakar gida, aka miƙa wa matan da suka baro karuwanci suka gama koyon sana'a kayan aikinsu. Ba lasifika, ba hoto, ba manyan baƙi. Rabon da a yi irin wannan zama tun kafin birnin Madani ya faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan a Disambar 2023. A lokacin aikin ya watse, da ƙyar aka sake tattara shi a nan Gadarif, gabashin Sudan, sai ga kwalara a daminar 2024. Bashin godiya ya taru mana. Yaba kyauta tukwici, amma mun ga gara mu faɗi abin da hannun kowa ya yi, don mai baiko ya san inda baikonsa ya shiga, mai shirin irin wannan hidima kuma ya san inda ake tuntuɓe.

Zumuntar mata na ikilisiyoyin gida, da ku za mu fara. Mun gode da kuɗin da kuka tara, mun fi gode wa haƙurin da kuka yi da muka ce ba za mu turo hoton kowa ba. Mun san akwai nauyi a tashi gaban jama'a ranar Lahadi a nemi taimako ba tare da an nuna fuska ba. To, karuwanci laifi ne a dokar hukunta laifuka ta Sudan ta 1991, sashe na 154 kan mai yi, na 155 kan mai riƙe gidan, kuma ana ɗaure mutum a kai. An soke dokar nan ta sa ido kan ɗa'ar jama'a a Nuwamban 2019, amma waɗannan sassan suna nan. Hoto ɗaya a Facebook ya isa ya kai mace kurkuku, ko ya kai ta hannun ɗan'uwanta da ya rantse a kanta. Saboda haka ko a littafinmu ba a rubuta suna, lamba ake ba kowa, littafin kuma ba ya kwana a gidan da matan suke.

Wasu sun tambaya ko su wane ne matan. Daga ko'ina suke. Akwai waɗanda yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya koro daga Khartum da Jazira, miji ya mutu ko ya ɓata, yara na hannu. Akwai 'yan Habasha da Iritiriya da suka ƙetaro ta Galabat ko suka baro sansani, akwai 'yan Sudan ta Kudu. Akwai namu masu jin Hausa: wasu rikicin jihar Blue Nile na 2022 ne ya raba su da gonakinsu, wasu kuwa dillali ne ya ɗauko su daga gida da alkawarin aikatau a Jidda, ya yasar da su a hanya. Mafi yawansu kuɗin ɗaki da abincin yara ne suka tura su, bashi kuma ya riƙe su.

Godiyar da ta fi yi mana nauyi ta iyayenmu mata ce, Hausawan unguwa. Musulmi ne, jikokin waɗanda suka biyo hanyar Makka da ƙafa, wasunsu tun hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta haifar da garin Mai Wurno. Sun san mu Kiristoci ne tun ranar farko, ba mu ɓoye ba. Dattijuwar da ta ba da ɗakunan bayan gidanta haya, da aka gaya mata irin matan da za su zauna, sai ta yi shiru, ta gyara tob ɗinta, wato lafayarta, ta ce, "Ɗiyata, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Amma namiji ba zai shigo mini gida ba, kuma ba za a tilasta wa kowa barin salla ba." Aka ce, "Inna, mun yarda." A kan wannan sharaɗi ake zaune har yau. Inna, Allah ya saka miki da alheri, ya rufa miki asiri yadda kika rufa na 'ya'yan wasu.

Amfanin zama a inuwar irin wannan dattijuwa ya wuce ɗaki. Gidan da mata zalla suke ciki, babu babba, cikin mako guda unguwa za ta raɗa masa suna, samari su fara zarya a ƙofa, a kai ƙara. Amma idan mai unguwa da limami sun san cewa baƙin Hajiya ne masu koyon sana'a, maganar ta mutu. Su ne kuma suka koya wa matan dakan dakwa, wato tunkuzar gyaɗar da ake ci da salak a nan, da suyar gyaɗa, da dama godogodo.

Mun gode wa matan ikilisiyar nan ta Gadarif da ke fita ziyara, mafi yawansu 'yan Nuba da 'yan Kudu. Ƙa'idar fita ba ta canzawa: mata biyu, ba ɗaya ba, ba kuma namiji a ciki, ko da fasto ne. Ana zuwa da hantsi, tsakanin goma da sha biyu, lokacin da matan suka tashi kuma babu baƙo. Zuwan dare yana hana su samu, ya jawo fushin magajiya, ya sa mai ziyara cikin kame. Magajiya ake fara gaisarwa, domin in ta rufe ƙofa an gama. Ana sa tob kamar kowa, ana riƙe sabulu, audugar mata da garin shayi, a zauna a sha jabana, wato gahawa. Ziyara uku ko huɗu na farko ba a tambayar mace yadda aka yi ta shigo wannan hali. In aka yi garaje, labarin da take ba 'yan sanda shi za ta bayar, kuma daga ranar ta ɗauke ki ma'aikaciyar hukuma.

Lokacin shekara ma yana da tasiri. Daga Oktoba, in aka shiga yankan riɗi sannan girbin dawa, leburori kan cika gari da kuɗi a aljihu, kuma da wuya mace ta saurari maganar fita. Bayan sun watse, kasuwa ta mutu, kuɗin ɗaki ya taru, a nan ne ake jin "Yaya, ina wurin nan da kika ce?" Dole ɗaki da katifa su kasance a shirye kafin lokacin, don ba a fafe gora ranar tafiya. Da damina kuwa baƙar ƙasar Gadarif takan zama taɓo mai kama ƙafa. Mai raksha, wato keke mai ƙafa uku, da ke kai masu ziyara, wanda bai taɓa tambayar inda za su ba kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba, Allah ya tsare maka abin hawanka.

Ungozoma da ma'aikaciyar jinya da ke duba matan a keɓe, ba mu da bakin gode muku. Ga abin da kuka dasa mana a kai, muna maimaita shi don wasu su amfana. In an yi wa mace fyaɗe ko robar kariya ta fashe, maganin rigakafin ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28 ba tsallake. Ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa iyakarta awa 120, kuma gwargwadon saurin sha gwargwadon aikinta. Abin da ke cinye waɗannan awoyi tsoro ne: mace na zaton sai ta kawo takardar 'yan sanda da ake kira Ornik 8 kafin a duba ta, sai ta kwanta a ɗaki har lokaci ya wuce. Shi ya sa ake raka ta, ba a tura ta. Gwajin ƙanjamau na farko in ya fito lafiya, a sake bayan wata uku. Tunjere ana maganinsa da allurar benzathine penicillin, yunit miliyan 2.4, sau ɗaya in sabo ne, sau uku mako-mako in ya daɗe ko ba a san farkonsa ba, kuma mai ciki ita ce kan gaba domin yana kashe ɗa a ciki. Inda ake samun matsala shi ne allura ta biyu: gyambon ya warke, mace ta ce ta samu sauƙi. Waɗanda gudun hijira ya katse musu maganin ƙanjamau na kullum kuwa, kunya ke hana su faɗa, sai an tambaya a hankali, ba a gaban kowa ba.

Lokacin kwalara, haɗin nan na cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa ya riƙe rayuka kafin a kai cibiyar jinya. Yaron da zazzaɓinsa ya wuce mako biyu, maganin maleriya bai yi masa ba, ciki na kumbura, a gwada shi cutar kala-azar, domin yankin nan gidansa ne.

Sai maganar bashi, inda dattawa maza biyu, ɗaya na ikilisiya ɗaya na unguwa, suka ɗauke mana nauyi. Kusan kowace mace magajiya na bin ta kuɗin ɗaki, na abinci, na belin da aka taɓa yi mata, wani lokaci har da waya ko fasfo a riƙe. In aka ɗauke ta a ɓoye, za a biyo ta, kuma gidan da ta fake ya tonu. In aka damƙa mata kuɗi ta je ta biya, lissafin zai ƙaru a gabanta. Dattawan kan zauna da magajiya, a ƙirga abin da yake na gaskiya, a zubar da ruwan da aka ɗora, a biya gaban shaidu, a karɓi kayanta a wurin. Wannan ga babbar mace ke nan. Yarinyar da ba ta kai 18 ba, ko wadda aka kulle aka sayar, ba a ciniki a kanta. Sudan na da dokar yaƙi da fataucin mutane tun 2014, 'yan sanda kuma na da sashen kare iyali da yara. Can ake kai magana, tare da lauya. Wanda ya biya mai fatauci ya ba shi jarin ɗauko wata.

Masu tambayar me ya sa ba keken ɗinki ba, ga amsa. Ɗinki na cin wata shida kafin ya ciyar da mutum, mai yara uku kuwa gobe take nema. Shayi daga ranar farko yake kawo kuɗi. Kayan da aka miƙa ranar Asabar su ne kanun, wato murhun gawayi, buta biyu, tukunyar jabana, kofunan gilashi dozin biyu, kujerun banbar shida, bokiti biyu na wanki da ɗauraya, buhun gawayi, da sukari, ganyen shayi, gahawa, citta da habahan na mako biyu. Kaya ake bayarwa, ba tsabar kuɗi ba, domin fam ɗin Sudan na zubewa tsakanin safe da yamma, kuɗi a hannu kuma mai bin bashi ne ke fara jin ƙanshinsa. Kowace ta samu gwangwanin madara uku: na jari, na cefane, na sanduk, wato adashe. Kowane dare na jari ake fara cikawa. Wadda ta haɗa su wuri ɗaya, cikin wata guda ta cinye uwar kuɗin.

Wurin zama shi ne rabin sana'ar. Bakin asibiti, ƙofar makaranta ko kasuwar hatsi da safe sun fi tashar manyan motoci, ko da tasha ta fi ciniki, domin mazan da ta baro su ne za su zauna mata a banbar da magariba. Bashin shayi na kashe jari, kasha kuma, wato samamen da ake kai wa masu sana'ar bakin titi, na iya kwashe kujeru da kanun a rana ɗaya. Don haka ake ajiye kaya saiti ɗaya a gida na ko-ta-kwana, kuma ake haɗa sabuwa da tsohuwar mai shayi ta zauna kusa da ita makonnin farko. Tsofaffin masu shayin da suka yarda suka matsa wa wata wuri a inuwarsu, alhali cinikinsu zai ragu, mun gode.

Wani ɗan'uwa ya rubuto yana tambayar mutum nawa aka yi wa baftisma. Mun gode da tambayar, don mun san ƙaunar bishara ce ta kawo ta. Masu bishara ne mu, ba ma ɓoye sunan da ya aiko mu. Kowace safiya ana karatu da addu'a a ɗaki ɗaya, ƙofa a buɗe, mai so ta shigo. Labarin matar da aka kawo gaban Yesu don a jajjefe ta, da sunan Rahab a jerin kakannin Almasihu a farkon Matiyu, su ne aka fi cewa a sake karantawa. Amma ɗaki, magani da kanun ba a ɗaura su da sujada. Mace mai jin yunwa za ta amsa duk abin da aka ce, kamar yadda ta saba amsa wa masu biyanta, kuma ba ma so ta ɗauki Ubangiji a matsayin ɗaya daga cikinsu. An soke hukuncin ridda a Yulin 2020, duk da haka wadda ta sauya addini na iya rasa 'ya'yanta da danginta. Wadda ta nemi bin Almasihu da kanta, faston ikilisiyar gari ne ke zama da ita wata da watanni, ba baƙo mai biza ba. Rabaran da dattawanka, mun gode da wannan haƙuri.

Ba duka suka tsaya ba. Akwai waɗanda suka koma, galibi a wata na biyu ko na uku, lokacin da yaro ya kwanta ciwo ko tsohon dadiro ya dawo da alkawari. Ba a karɓe musu kaya, ba a kuma rufe ƙofa. Masu ziyara na ci gaba da gaishe su kamar da. Ku riƙa sa su a addu'a ko da ba ku san sunayensu ba.

Saura 'yan Najeriya da Nijar da ke son komawa gida amma fasfo ya salwanta. Takardar tafiya ta gaggawa daga ofishin jakadanci ake nema, kuma tana bukatar wanda zai shaida asalin mutum. A nan shugabannin al'ummar Hausawa na Gadarif da Bur Sudan suka tsaya mana, mun gode. Abin da ya rage yana hannunku na gida: kafin mace ta hau mota, muna bukatar wata uwa a garinsu da za ta tarbe ta a tasha, ta ba ta ɗaki na wata uku, kuma ba za ta ba da labarinta a taron zumunta ba. Wadda za ta iya, ta sanar da uwar zumuntarta, saƙon zai iso mu kafin a gama girbin dawa.

Daga 'yan'uwanku mata masu hidima a Gadarif.