Abin da hasumiyar Eddystone ta koya mini game da kwaɓi da ƙasa

Mai koyar da aikin gini a Sakkwato, inda teku ke da nisan ɗaruruwan kilomita, ba a tsammanin hasumiyar haska wa jiragen ruwa hanya za ta dame shi, amma tarihin wadda aka gina a kan duwatsun Eddystone, a cikin teku kudu da Plymouth ta Ingila, shi ne ya fi kowane darasi gyara mini yadda nake duba aiki.

Hasumiya ta farko a wurin ta katako ce, an kunna fitilarta a 1698, guguwar 1703 ta share ta tare da wanda ya gina ta, Henry Winstanley. Ta biyu kuma gobara ta cinye ta a 1755. Da aka ba John Smeaton aikin ta uku a 1756, sai ya zaɓi dutse, ya yi mata gindi mai faɗi da ke tsukewa zuwa sama, irin tsayuwar kuka, ya kuma sa aka sassaƙa duwatsun yadda kowanne zai cije cikin maƙwabcinsa, ta yadda igiyar ruwa ba za ta iya zare ɗaya ba sai ta ɗauke duka.

Inda na fi tsayawa shi ne batun kwaɓi. Magina na zamaninsa sun gaji cewa dutsen farar ƙasa mafi tauri shi ke ba da kwaɓi mafi ƙarfi. Smeaton bai karɓa ba sai da ya ƙona duwatsu daga wurare daban-daban, ya kwaɓa, ya dunƙula, ya jefa cikin ruwa ya jira, har ya gano cewa dutsen da ke da yumɓu a jikinsa shi ne ke daskarewa a ƙarƙashin ruwa. Da shi ya haɗa tokar dutse mai aman wuta daga Italiya, aka kunna fitilar hasumiyar mai tsawon mita 22 a 1759. Wannan bincike ne ya share fagen simintin da Joseph Aspdin ya yi wa rajista a 1824, kakan wanda ake yi yau da dutsen Kalambaina a nan kusa da mu.

Daga nan na ɗauki ɗabi'ar gwaji kafin gini. Idan aka sauke yashi, nakan sa ɗalibi ya zuba shi a kwalba, ya ƙara ruwa, ya girgiza, ya ajiye. Bayan ya kwanta, laka takan fito fili a sama, kuma kaurinta ne zai faɗa mana ko a wanke yashin ko a mayar wa mai tifa. Yumɓun da ya yi amfani cikin wutar ƙona dutse illa ne cikin yashin kwaɓi, ɗalibai kuwa sukan rikita biyun. Haka nan siminti ruwa yake sha ya yi ƙarfi, don haka bulon da aka buga da bazara aka bar shi a rana ba ban-ruwa, da hannu ake marmashe shi, kuma yana ɓata mini rai ƙwarai in ga an ɗora wa iyali ɗaki a kansa.

Hasumiyar Smeaton ta yi aiki fiye da shekara 120, kuma ginin bai gaza ba: dutsen da ke ƙarƙashinsa ne teku ya zaizaye, har ta riƙa girgiza in igiyar ruwa ta doke ta, aka maye gurbinta da ta James Douglass mai mita 49 a 1882, aka kwashe saman ta Smeaton ɗin aka sake ginawa a Plymouth. Shi ya sa idan aka kira ni fili a fadamar Rima, inda laka ke kumbura da damina ta tsattsage da rani, ba na yarda a ja igiyar harsashi sai an haƙa ramin gwaji na sauka na ga ƙasar da idona, ko da mai gida zai ce: "Malam, kana ja mana lokaci."