Ramin ƙarshe na Monkey Island 2 ya katse min dariya

Wanda bai gama Monkey Island 2 ba ya tsaya nan, domin zan fasa ƙwai, har da na wasan 2022.

Na bi tsofaffin wasannin kasada na kwamfuta a jere a kan ScummVM, manhajar da ke kunna irin waɗannan tsofaffin wasanni: na fara da na kamfanin Sierra, na gangaro zuwa na kamfanin Lucasfilm, masu Monkey Island. Abin da nake nema kawai shi ne in ga wa ya fi iya ba da dariya. A Space Quest, wanda ya fara fitowa a 1986, sai ka mutu tukuna ake yi maka barkwanci. Roger Wilco mai shara ne a jirgin sama jannati, kuma duk inda ya sa ƙafa akwai abin da zai haɗiye shi ko ya narkar da shi, daga nan rubutu ya fito yana yi maka ba'a. King's Quest V na 1990 kuwa da fuskar tatsuniya yake zuwa, ga sarki Graham ga mujiyarsa Cedric, amma in ka bar kyanwa ta kama ɓeran nan ba ka jefe ta da takalmi ba, to can gaba da aka ɗaure ka a ɗakin ƙasa na masauki babu mai gwaguye maka igiya. Salonsu ke nan, kuma yana da daɗinsa. Kana dariya, yatsanka na kan maɓallin ajiye wasa.

Da wannan tarbiyya na shiga The Secret of Monkey Island, shi ma na 1990. Akwai inda Guybrush, tauraron wasan mai burin zama ɗan fashin teku, ke faɗowa daga kan dutse, sai ga akwatin mutuwa irin na Sierra sak ya bayyana. Kafin in taɓa komai ya dawo sama, wai bishiyar roba ce ta cilla shi. Tun daga nan na saki jiki. Ron Gilbert, wanda ya ƙirƙiri wasan, ya riga ya rubuta tun 1989 cewa bai kamata wasa ya riƙa kashe mai bugawa don ya gwada wani abu ba, kuma ya cika maganarsa: in kana son Guybrush ya mutu sai ka bar shi ƙarƙashin ruwa minti goma cur. Faɗan takobi ma da baƙar magana ake cinsa. Wasan ya zame min kamar taubashi, ya zolaye ka son ransa amma ka san ba zai cuce ka ba.

Na biyun, LeChuck's Revenge na 1991, ya ma fi rashin ji. Gasar tofa yawu, Stan mai sayar da akwatunan gawa na hannu wanda kake rufe shi a ciki ka buga ƙusa, da wurin da Guybrush ke faɗawa cikin ruwan guba ya mutu, sai masoyiyarsa Elaine da yake ba wa labarin ta ce ai ga shi nan da ransa, ya gyara zance. Wallahi har maƙwabcina ya leƙo ya ga ko lafiya.

Sai ramin da ke ƙarƙashin tsibirin Dinky.

Babu teku, babu 'yan fashi, sai dogayen lunguna da bututu da lifta, abubuwan da ba su da alaƙa da zamanin labarin. LeChuck, mugun ɗan fashin tekun da ke gaba da Guybrush, na ɓullowa ba sallama riƙe da 'yar tsanar tsafi, ya soka mata allura, Guybrush ya yi ƙara ya tsinci kansa a wani ɗakin. Ba ya kashe ka. Dokar Gilbert na nan daram, kuma na san da ita, amma duk da haka gabana faɗuwa yake duk lokacin da kiɗan ya sauya. A wani ɗaki ga ƙwarangwal biyu zaune, iyayen Guybrush ne, kuma dole ka ɗauki ƙoƙon kan ɗayansu don haɗa taka 'yar tsanar. Na daɗe ban danna ba. Wasan da ya sa ni satar gilashin idon mai zanen taswira ina ƙyaƙyata dariya, shi ne yanzu ya miƙo min wannan.

Ka tsinke wa 'yar tsana ƙafa, LeChuck ya faɗi yana roƙon ka cire masa abin da ya rufe fuska, sai ga yaro, wai Chuckie ne ɗan'uwan Guybrush. Su biyun su fito filin wasan yara mai suna Big Whoop, iyayensu na jiransu. Chuckie ya waigo, idonsa ya yi ja. Shi ke nan. Na zauna ina kallon sunayen ma'aikata suna wucewa, ban san ko in yi dariya ba ko in kunna fitila.

Washegari na ɗora The Curse of Monkey Island na 1997, ina ɗokin a warware min. Gilbert ya bar kamfanin tun 1992, Jonathan Ackley da Larry Ahern ne suka ja wannan. Zane ne irin na katun, Guybrush ya sami murya ta bakin Dominic Armato, ga Murray, ƙoƙon kai mai cika baki da mugunta alhali ko ƙafa ba shi da ita. Wasa ne mai kyau ƙwarai, yanzu na yarda. A ranar dai haushi ya ba ni, don ya mayar da filin wasan nan wani tsafin LeChuck kawai, ya share duhun ya ci gaba da raha. Na huɗun, Escape from Monkey Island na 2000, na bi shi da gudu.

Return to Monkey Island, da Gilbert ya yi tare da Dave Grossman a 2022, ya buɗe ne daidai a filin wasan, ashe ɗan Guybrush ne da abokinsa ke kwaikwayon labarin baba. Na ji sanyi, ko da yake bai amsa komai ba, kuma zuciyata na komawa ɗakin ƙwarangwal ɗin har yau.

Don haka kada ka fara da na uku don ya fi kyan gani, zai rage maka zafin ramin. In bugun 2010 da aka sabunta kake da shi, danna maɓallin da ke mayar da tsohon zane da zarar ka faɗa ƙarƙashin Dinky. Sannan ka huta mako guda kafin ka taɓa Curse, ka bar abin ya dame ka tukuna.