Talata, Ni da Shafin Alhaji

Shafin intanet ɗin da Alhaji, mai shagon yadi a Kantin Kwari, ya damƙa mini in gyara ya girmi yaron da ke taya ni aiki. Tun zamanin da ake biyan kuɗin awa a kafe kafin a shiga intanet wani ya gina masa shi, kuma daga lokacin ba a ƙara taɓa ginin ba, sai dai a sauya hoto, a sauya farashi. Yau na ware masa yinin gaba ɗaya.

Da hantsi na hau a-daidaita-sahu zuwa Kantin Kwari. Na tarar ana sauke diloli a ƙofar shagon, Alhaji na tsaye yana lissafi da yaransa. Bayan mun gaisa ya zaro wayarsa ya buɗe shafin ya miƙo mini. Duk shafin ya tsuke ya shige cikin allon, rubutun ya ƙanƙance har ba ya karantuwa. Ya sa yatsu biyu ya buɗa shi, sai hoton shadda ya cika allon, sunanta da farashinta suka ɓace ta gefe. Ya ja hagu, ya ja dama, yana neman lambar wayar shagonsa a cikin shafinsa. Ya ce, "Ka gani ko, Malam? Ni mai kayan ke nan. To ina ga mutumin Maraɗi ko na Damagaram da ke son turmi ashirin na atamfa, ga data tana ƙarewa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, kayan da ke cikin shafin lafiyarsu lau. Yadin mai kyau ne, ɗinkin ne aka yi shi a kan awon mutum ɗaya, wato allon kwamfutar tebur ta wancan lokaci." Ya yi dariya ya ce wannan yaren ya gane shi, in je in warware in sake ɗinkawa.

Na koma ofis na buɗe cikin shafin, yaron nan yana zaune kusa da ni. Abin da na zata shi na gani. Da tebur aka gina shi, wato jadawali mai layuka da gurabe na HTML, harshen rubuta shafukan intanet. Babban tebur guda an ƙayyade masa faɗin fiksil (ɗigon allo) 780, don ya zauna daidai a allon 800 da 600 da kowa ke da shi a da. A cikinsa wani tebur na kan shafi, wani na jerin mahaɗai a hagu, wani na kaya a tsakiya, kuma kowane kaya yana da nasa ɗan teburin, hoto a gurbi ɗaya, suna a gurbi ɗaya. Hoton sunan shagon ma an yanka shi gunduwa-gunduwa an jera a gurabe don su haɗu su ba da hoto ɗaya. Yaron ya nuna wani fayil da ke ta maimaituwa ya ce, "Yaya, wannan hoton fa babu komai a cikinsa." Na ce masa da gangan ne. Hoto ne mai fiksil ɗaya tal, wanda ido ba ya gani, ana miƙe shi ko a faɗaɗa shi don ya tokare gurbi kar ya rufta. Da shi ake yin tazara a da. Ya yi shiru yana kallon allon, don shi bai taɓa sanin an yi irin wannan wahalar ba.

Dalilin tsukewar shafin a wayar Alhaji ma a fili yake. Idan shafi bai gaya wa waya cewa ya san da zamanta ba, ta wancan layi ɗaya na viewport da ake sawa a sama, sai birauzar wayar ta ɗauka shafin kwamfuta ne, ta shimfiɗa shi kamar a allo mai faɗin fiksil 980, sannan ta matse shi ya shiga tafin hannu. Ko da an sa layin ma, tebur mai faɗin 780 ba zai lanƙwasa ya shiga allon da bai wuce 360 ba. Gurbin da aka ce ya zauna a dama, a dama zai zauna.

Da azahar malamina, wanda muke kira Malam, ya leƙo. Shi ya fara koya mini HTML, kuma har yau ba na fara babban aiki ban nuna masa ba. Ya ja kujera ya duba, ya daɗe yana gangarawa cikin rubutun, sai ya ce, "Wanda ya yi wannan ya iya aikinsa. Kar ku raina shi." Yaron ya ce ai a kwas ɗin da yake bi an ce tebur kuskure ne. Malam ya juyo ya dube shi ya ce, "Ɗan nan, kai ka tarar da hanya a share."

Daga nan ya shiga ba mu labari, ni kuma na bar aikin na saurara, don ina son yaron ya ji daga bakin wanda ya sha abin. CSS, wato harshen da ake tsara kamannin shafi da shi a maimakon tebur, ba sabon abu ba ne. Håkon Wium Lie ya kawo shawararsa a 1994 yana aiki a CERN, shi da Bert Bos suka tsara shi, hukumar W3C ta amince da kashin farko a Disambar 1996, na biyu a 1998. Amma amincewa a takarda daban, abin da birauza za ta nuna daban. Netscape 4 da Internet Explorer na lokacin kowanne da yadda yake fahimtar doka ɗaya. Malam ya ɗauki biro ya zana akwati a bayan wata takarda. Ya ce idan ka ce faɗin akwati 200 ne, ka ba shi tazarar ciki 20 a kowane gefe, ƙa'ida ta ce akwatin ya zama 240. Internet Explorer 5 na Windows kuwa sai ya bar shi a 200 ya matse abin da ke ciki. Shafi ɗaya, awo biyu. Ka daidaita shi a nan ya karye a can. Internet Explorer 6 da ya fito a 2001 ya gyara wannan idan ka sa layin doctype na farkon shafi daidai, amma yana da sauran matsaloli, kamar ninka tazarar gefe ta akwatin da aka yi wa float, wato aka tura shi gefe ɗaya. Kuma a wancan CSS ɗin babu wata hanya miƙaƙƙiya ta jera sassa uku su yi tsawo ɗaya, ko ta sa abu a tsakiyar akwati daga sama zuwa ƙasa. Tebur kuwa yana yin duka biyun ba gardama, a kowace birauza. Ya ce, "Mai shago ya biya ka, yana son ya ga shafinsa a tsaye a kowace kafe ta Kano. Me za ka ɗauka?"

Gaskiyarsa ce, kuma ban yi masa musu a kan wancan zamani ba. Inda muka rabu shi ne da ya ce da za a bi tasa, a bar teburin a ɗan sassauta faɗinsa kawai, tunda ya yi shekaru yana aiki. Nan na ce a'a, Malam. Abin da ya sa aka jure wa tebur ya wuce. Tun 2003 Dave Shea ya nuna da CSS Zen Garden cewa rubutun HTML ɗaya zai iya ɗaukar kamanni iri-iri ba a taɓa shi ba, fayil ɗin salo kawai ake sauyawa. A 2010 Ethan Marcotte ya bayyana tsarin da shafi ke bin faɗin allon da aka buɗe shi a kai. CSS ya sami sababbin hanyoyi biyu na jera abubuwa a shafi: Flexbox ya zo, Grid ya shiga Firefox da Chrome da Safari a watan Maris na 2017, kuma shi Grid an yi shi ne musamman don aikin da ake tilasta wa tebur. Internet Explorer kansa Microsoft ta yi masa ritaya a Yunin 2022. Har awon nan na akwati da Malam ya zana, yanzu layi ɗaya na box-sizing ke raba gardamar, ka zaɓi wanda kake so kowace birauza ta bi.

Amma abin da ya fi damuna a tebur ba wahalar gyara ba ce, ko da yake ita ma tana nan, don in Alhaji ya ce a sauya launin sunayen kaya sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne tebur yana ɗaure ma'ana da wuri. Lambar wayar shagon tana can a gurbin ƙarshe na babban teburin, saboda mai ginin yana son ta fito a dama. Makaho da ke amfani da manhajar da ke karanta masa allo sai ya bi gurabe ɗaya bayan ɗaya, ya ratsa dukan atamfofi da leshi kafin ya iso gare ta, wani lokaci manhajar tana ta sanar da shi layi kaza gurbi kaza a abin da ba lissafi ba ne. Muna da makafi masu waya a garin nan, suna saye suna sayarwa. Ban ga dalilin da zai sa a bar su a baya don a huta da aikin yini biyu ba.

Malam bai ce na yi daidai ba, bai kuma ce na yi kuskure ba. Ya ce in gama in gwada a wayoyin mutane, ba a kwamfutata ba, sannan mu yi magana.

Aikin kansa bai da wani abin labari. Na kwashe rubutun na jera shi yadda mutum zai so ya karanta: sunan shago, lambar waya da inda yake a Kwari, sannan kaya, sannan sauran bayani. Na fara da jeri ɗaya daga sama zuwa ƙasa, wanda ko babu CSS sam zai karantu. Bayan haka na ce idan allo ya kai wani faɗi, kuma birauzar ta san Grid, a jera kayan uku-uku. Na mayar da shafin tsarin haruffa na UTF-8, don tsohon tsarin haruffan da aka sa masa bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, shi ya sa duk inda aka rubuta "kuɗi" alamar tambaya ke fitowa a tsakiya.

Wurin jadawalin farashi ne muka yi ja-in-ja da yaron. Na fita sallar la'asar na dawo na tarar ya fara farfasa shi yana mayar da shi akwatunan div, wato akwatunan HTML na gama-gari, wai tebur ya zama tsohon yayi. Na ce ya tsaya. Wannan jadawali ne na gaskiya: sunan kaya, yadi nawa ne, farashin sari, farashin ɗaiɗai. Atamfa turmi yadi shida, kowane lamba yana da layinsa da kansa. Don irin wannan aka ƙirƙiri tebur tun farko, kuma babu wanda ya taɓa hana shi. Idan ka farfasa shi, mai karanta allo ba zai ƙara sanin wannan lambar ta sari ce ko ta ɗaiɗai ba. Muka mayar da shi, muka sa wa kawunan alamar th mai nuna kan jadawali, muka saka shi cikin akwatin da za a iya ja gefe idan allo ya yi ƙanƙanta. Na lura abin bai yi masa daɗi ba, amma ya yi. Ina son zafin nan nasa, sai dai ina so ya riƙa tambayar me ya sa kafin ya rushe abu.

Wajen ƙarfe biyar muka tafi Farm Centre, shagon wani abokina mai gyaran waya. A can ake samun irin wayoyin da abokan cinikin Alhaji ke riƙewa: Tecno, Itel, Infinix, tsofaffin Samsung masu fasasshen gilashi. Mutane suna cewa yanzu rigimar birauza ta ƙare tunda Chrome da Edge da Opera da ta Samsung duk injin Chromium suke amfani da shi, sai Firefox da Safari masu nasu. A kan takarda haka ne. A kan teburin abokina kuwa akwai wayar da Chrome ɗinta bai ga sabuntawa ba shekara da shekaru, don mai ita ba zai ƙona data a kan abin da bai ga amfaninsa ba. A wata tsohuwar Itel maɓallan sama suka manne da juna babu tazara. Na gane dalili nan take: dokar tazara ta gap a cikin Flexbox sai a Chrome 84 ya fara aiki, a 2020, wannan kuwa ta girme shi. A tsaye a wurin na sauya shi da tazarar gefe ta gargajiya, muka sake lodawa, suka rabu.

Sai birauzar Opera Mini, wadda ita na fi jira. A yanayinta na matuƙar tsimin data ba wayar ke haɗa shafin ba, sabar kamfanin ce ke haɗa shi ta matse ta aiko, kuma wannan injin bai san Grid ba. Mutane da yawa a nan da ƙetaren iyaka da ita suke shiga intanet, don tana sa data ta yi auki. Abokina ya buɗe a wata ƙaramar waya. Kayan ba su jeru uku-uku ba, sun sauko ɗaya bayan ɗaya, amma sunan shago na sama, lambar waya na biye da shi, kowane hoto da sunansa da farashinsa a ƙarƙashi, ana karantawa ba a buɗa allo ba. Wani dattijo da ya kawo gyaran caji ya karɓa ya duba, ya gangara da babban yatsa har ƙasa, ya tambaya ko shagon yana aika kaya Gaidam. Na ɗauki hoton allon na tura wa Malam da Alhaji.

Bayan isha'i Malam ya kira. Ya ce ya gani, ya yi kyau, amma kar in yi saurin yin bankwana da tebur, don Alhaji ya gaya masa yana son a riƙa tura wa manyan dilolinsa sanarwar sabon kaya ta imel. Outlook na gargajiya, manhajar imel ta Microsoft a Windows, tun daga na 2007 da injin Word yake nuna saƙo, bai san Flexbox ba balle Grid, kuma har yau duk mai son saƙonsa ya tsaya daidai a can da tebur yake gina shi, tebur a cikin tebur, faɗin fiksil 600. Na ce to wannan kam hannunsa ya fi nawa, ya zo ranar Alhamis ya yi, ya kuma zaunar da yaron kusa da shi ya gani. Ya ce zai zo bayan azahar, in tanadi hotunan leshin da aka rage musu nauyi.