Darussan kula da ayarin manyan motoci: inda lokaci yake salwanta

Duk wanda aka damƙa wa tirela goma ya kula da su, tambayar farko da zai sha daga mai dukiya ita ce me ya sa kaya ba sa isa da wuri. Amsar da ta fi saurin zuwa baki kuwa ita ce direbobi su ƙara taka totur. Aikin nan ya koya mini cewa amsar ba ta da tushe, kuma biro da takarda sun isa su nuna haka.

Tsakanin Legas da Kano akwai kimanin kilomita 1,000. Motar da ta riƙe kilomita 60 a awa za ta cinye wannan nisa cikin awa 17 na tuƙi, wadda ta riƙe 80 kuma cikin awa 12 da rabi. Ribar ke nan, awa huɗu da 'yan mintoci, a kan takarda. A kan kwalta ko wannan ba a samu, domin ramukan da ke tsakanin Jebba da Mokwa, da cunkoson Ogbomosho, da shingayen jami'ai ba su san wanda ya yi gudu a baya ba. Kowa a nan zai tarar da ɗan'uwansa. To a ajiye awa huɗun nan gefe guda, a kawo kwanakin da mota take yi a layin lodi a Apapa, da wunin da take ɓatawa a Kano ana neman 'yan dako, da kwana biyun da take kwance a gareji saboda an aika neman wani ƙarfe da bai kai tafin hannu ba. Mai mota goma da kullum biyu suna kan jak, mota takwas gare shi, sai dai yana biyan albashi da inshorar goma.

Saboda haka littafin da ya fi kowanne amfani a ofishin sufuri shi ne na tsayuwa. Kowace mota da shafinta: ranar da ta shiga layi, ranar da aka yi mata lodi, sa'ar da ta tashi, inda ta kwana, sa'ar da ta isa, sa'ar da aka gama sauke ta. Bayan wata uku shafin da kansa zai faɗi inda kwanaki suke zurarewa, kuma sau da yawa laifin yana ofis. Takardar kaya ba ta fito da wuri ba, kuɗin gas bai shiga hannun direba ba sai bayan la'asar, ba a nemi lodin dawowa ba sai da mota ta riga ta sauke.

Doka ma ta riga ta yanke magana. Ƙa'idar hanya ta Najeriya ta ba tirela da tanka kilomita 45 a awa a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. Tun Fabrairun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu, kuma a tsarinta duk mai mota biyar zuwa sama ya shiga sahun masu ayari, wanda ake nema ya yi rajista ya kuma ajiye jami'in kula da lafiyar tafiya. Wasu suna ganin 60 ta yi kaɗan. Ni ina ganin wanda ya taɓa tsayawa kusa da birkin tirela mai buhu 600 na siminti bayan doguwar gangara, ya ji ƙaurin da yake tashi, ba zai ƙara cewa haka ba. Buhu 600 tan 30 ne, ban da nauyin kan mota da bodi. Ƙarfin da birki zai kashe kafin mota ta tsaya yana ƙaruwa ne da gudu sau gudu, wato daga 60 zuwa 80 aikin birki ya kusa ninkawa biyu. A kilomita 60 mota tana cin mita 17 a kowace daƙiƙa, don haka kafin ƙafar direba ta bar totur ta sauka kan birki an riga an wuce mita 25.

Tafiya a jere ita ce inda na ga an fi yin kuskure, har a wurin tsofaffin hannu. Fataken da suke zuwa Gwanja saro goro sun san dalilin da ya sa ayari yake da madugu da jagaba da zangon da kowa ya sani tun kafin a ɗaura wa jakuna kaya. Ayarin motoci ma haka yake buƙata. Matsalar ita ce ayari yana miƙewa yana tsukewa. Motar gaba ta rage gudu saboda rami, ta biyu ta taka birki fiye da ita, ta uku fiye da ta biyu, kafin abin ya kai ta goma sai ta tsaya cak. Idan ta gaba ta wuce ramin ta koma gudunta, ta baya tana nan tana neman giya, tazara ta buɗe, direban ya shiga gudu don ya kamo 'yan'uwansa. A wannan kamun ne ake yin haɗari. Lissafinsa a fili yake: idan jagora yana kan 60, wanda aka bari a baya da kilomita ɗaya sai ya riƙe 70 na minti shida kafin ya cike giɓin, wato sai ya karya doka. Maganin yana hannun motar gaba. Ta riƙe ƙasa da iyaka da kamar kilomita 10, yadda na baya zai iya kamowa ba tare da ya wuce iyakar ba, kuma bayan kowane rami ko gari ta ƙara gudu a hankali.

Ana auna tazara da daƙiƙa, domin ido ba ya iya auna mita daga kan kujerar direba. Direba ya zaɓi wata alama a bakin hanya, turken lantarki ko bishiya, ya fara ƙirga daga lokacin da bayan motar gabansa ya wuce ta. Ga mota mai lodi daƙiƙa shida ita ce mafi ƙaranci, kimanin mita 100 ke nan a gudun 60, a ninka ta idan ana ruwa ko hazon hunturu ya sauka. Wannan tazara tana kuma ba ƙananan motoci wurin shiga idan sun zo wucewa. Tirela goma da suka manne da juna katanga ce mai tsawon kusan mita 200, kuma mai ƙaramar motar da ya gaji da bin su zai fita ya yi ƙoƙarin shanye su gaba ɗaya, ya yi gaba da gaba da mai tahowa. Idan kuma aka ba da tazarar da ta dace, ayarin goma ya zarce kilomita ɗaya, jagora ba ya ganin na ƙarshe ko a madubi. A shinge, in kowace mota ta ɓata minti biyu, ta ƙarshe za ta tashi minti 18 bayan ta farko. Shi ya sa ya fi kyau a raba ayari gida-gida, uku ko huɗu, a bar minti goma tsakanin kowane gida da na bayansa, a kuma yanke wuraren haɗuwa tun daga gareji. Motar da ta fi nauyi ko ta fi rauni a hawa ita ake sa wa gaba. Bakanike da safaya da igiyar ja suna motar ƙarshe, domin wanda yake gaba ba ya taimakon wanda ya lalace a baya sai ya juyo.

Sai taya, wadda ita ce ta fi kwantar da mota a hanya. Iska ce take ɗauke da lodi, roba riƙe ta kawai take yi. Tayar da iskarta ta gaza tana lanƙwasa a gefe a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi, zafin yana raba roba da wayoyin ciki, sai a ji ta fashe da tsakar rana a ce kwalta ce ta yi zafi. Manyan tayoyi masu rim 22.5 yawanci suna son iska tsakanin 110 da 120 a geji, wato a ma'aunin ƙarfin iska na psi, gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsu da nauyin da aka ɗora. A auna da safe kafin mota ta motsa. Kada a rage iska da rana don an ga ta hau, hawan nan na zafi ne kuma an yi tayar da sanin haka. Bugun taya da ƙarfe da yaran mota suke yi yana nuna wadda ta sace gaba ɗaya, amma ba ya bambanta 90 da 115. Tagwayen tayoyin baya kuma dole su zama tsayi ɗaya: in an haɗa sabuwa da tsohuwa, sabuwar ce za ta ɗauki lodin ita kaɗai ta ƙone, tsohuwar kuma tana jan ƙasa tana cinyewa. Wanda zai sayi taya ya duba lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT. Idan ya ga 2321, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021, komai kyan zanenta. Bayan an canza taya a sake ɗaure notuna idan an yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100, saboda suna saki bayan rim ya zauna.

Birkin iska yana da gwajin da ba ya cin minti biyar. A tayar da inji har geji ya cika, a sa waigi a taya, a kashe inji, a saki birkin ajiye mota, a taka birki a riƙe minti ɗaya ana kallon allura. Bayan faɗuwar farko, in ta sauka fiye da 4 a ma'aunin psi a mota mai jan bodi, akwai yoyo, kuma motar ba ta fita. Kowace safiya a ja zoben da ke ƙarƙashin tankunan iska a zubar da ruwan da ya taru. In baƙin mai ya biyo ruwan, kwamfireso ya fara gajiya. A gangara kuwa, giyar da mota za ta hau tudun da ita, da ita za ta sauka, a bar inji ya riƙe ta. Direban da ya sa furi don ya rage shan gas ya jingina tan 40 a kan birki kaɗai, kuma birki in ya yi zafi yana daina kamawa ko da iska ta cika tanki.

Maganar gas ita ce take ɓata tsakanin ofis da direbobi, kuma a nan nake roƙon masu kula da motoci su yi adalci. Tirela mai cikakken lodi tana yin abin da bai fi kilomita biyu zuwa biyu da rabi ba a lita ɗaya. Hanyar aunawa guda ce: a cika tanki har baki, a rubuta maleji, a yi tafiya, a sake cikawa har baki, a raba kilomita da litar da ta shiga. A kwatanta mota da kanta, a hanya ɗaya da lodi iri ɗaya. Idan shan ya ƙaru, kafin a kira mutum ɓarawo a duba iskar taya, a taɓa kowane wili a ji ko birki yana kamawa, a buɗe filtar iska, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin da ƙura take toshe ta cikin 'yan makonni, a kuma gwada nozul. Injin da aka bari yana aiki a tsaye yana shan lita biyu zuwa uku a awa, kwana ɗaya a layi ya isa ya ɓata lissafi. Satar gas tana faruwa, babu mai musu. Sai dai zargin da ba a auna ba yana korar direban kirki ya bar maka wanda bai damu da sunansa ba.

Yadda ake biyan direba shi ne yake tuƙa motar. In kuɗinsa yana kan yawan sawu ne kawai, an riga an gaya masa ya yi gudu, ya hana idonsa barci, ya nemi ƙwaya a tasha, komai yawan wa'azin da aka yi masa a ofis. A Tarayyar Turai doka ta tsayar da tuƙi a awa tara a rana, da hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi. Jikin direban Mararrabar Jos da na Jamus iri ɗaya ne. Da wannan ma'auni Legas zuwa Kano tafiyar kwana biyu ce cur ga direba ɗaya, kuma wanda ya yi wa mai kaya alkawarin ƙasa da haka ya sa direba na biyu a motar. Albashi tsayayye, da ƙarin lada a kan tayar da ta daɗe da gas ɗin da aka rage da watannin da aka yi babu haɗari, yana sauya tuƙin mutum fiye da na'urar bin sawu.

Lodin wuce kima kuwa bashi ne da ake biya da sifirin da taya da kuloci. Ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, har da Nijar, sun sa iyakar nauyi a kan kowane gatarin mota, wato ƙarfen da tayoyi suke kansa, tun dokarsu ta 2005, don haka mai hawa hanyar Kwatano zuwa Gaya ta Nijar ya auna motarsa kafin sikeli ya auna masa ita.

Abu na ƙarshe ya shafi saye. Mai ƙara motoci ya tsaya a kan ƙira ɗaya ko biyu. Idan DAF ce a bar ta DAF, idan Howo ce a bar ta Howo, yadda filta ɗaya da fanbel ɗaya da takalmin birki ɗaya za su shiga kowace mota, bakanike kuma ya san ciwonsu tun daga ƙarar inji. A ajiye a sito abubuwan da suke da araha amma suke kwantar da mota: filtar gas da ta baƙin mai, fanbel, tiyon lagireto, tiyon iska, notunan wili, fis da ƙwan fitila. A rubuta ranar sabis ta kowace mota bisa maleji, a kuma tsara ta ta faɗo ranar da motar take jiran lodi.