Talata, a gonar Kawu

Yau da asuba Kawu ya taso ni wai in raka shi gonarsa ta wajen Alkaleri, ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina kuma ya daɗe bai dawo ba. Masarar kam ba sai an faɗa ba, duk ta nannaɗe ganye, muka zagaya muka yi shiru.

Gonar tana iyaka da daji, akwai itatuwan doka da kawo manya manya a gefen, irin waɗanda ake gani in an shiga Yankari. Muna zaune a inuwa sai Kawu ya ce shi abun da ya fi ba shi mamaki bana ko naman kaza ɗaya bai gani ba a gindin dokan nan, alhali duk shekara war haka tsirowa yake ko ta ina. Na ce Kawu ara min fartanya. Na ɗan tona kamar tsawon tafin hannu na zaro ƙananan saiwoyi, siraran nan da ba a kula da su. In ƙasa na da laima bakinsu gajere ne mai kauri, da wani fari fari ya lulluɓe shi, har da zare siriri yana bin ƙasa. Na yau sun yi baƙi sun bushe, ina murzawa suna zama gari.

Wannan farin abun funfuna ce mai rai, kuma naman kazan da Kawu ke cigiya ita ce ke fitar da shi in ta ƙoshi. Masana na kiran zaman nasu maikoraiza, wani Bajamushe mai suna Frank ne ya raɗa sunan tun 1885. Ciniki ne tsakaninsu, bishiya na haɗa sikari a ganye da hasken rana ta tura ma funfunar, ita kuma da yake zarenta ya fi saiwa siranta nesa ba kusa ba tana kutsawa ƙananan kafofin ƙasa ta kwaso ruwa da sinadarai, musamman wanda ake rubutawa da P a buhun NPK. Yawancin tsirrai na da irin wannan abokin zama, ɗorawa da kaɗanya da ita kanta masarar nasu a cikin saiwa yake ido ba ya gani, doka da kawo ne nasu ke naɗe saiwa ta waje.

To in fari ya zo, da farko funfunar na taimakawa sosai, tana jawo ɗan ruwan da ya rage. Amma in abun ya yi tsawo sai bishiya ta rufe ƙananan kafofin ganyenta don kar ruwa ya tsere, in ta rufe kuma iskar da take haɗa sikari da ita ba ta shiga, sikari ya ragu, abun da za ta ba funfuna ya ragu, siraran saiwoyin sama su fara mutuwa, funfunar ma ta ja baya. Bishiyar sai ta dogara da manyan saiwoyin da suka nutse can ƙasa. Shi ya sa ganyen dokan nan har yanzu kore shar, wanda ya wuce a mashin zai rantse lafiya lau take.

Kawu ya ce to ai in ruwa ya sauka shikenan. Na ce ba nan take ba Kawu, sai ta sake yin sabbin saiwoyi, funfunar ta sake kama su, in kuma wani farin ya biyo baya kafin ta farfaɗo sai a ga reshe na bushewa daga sama bayan shekara ɗaya ko biyu, mutane su ce gara ce ko tsufa. Ya yi jim, sai ya ce bayan farin 1973 da na 1984 haka aka yi, an samu ruwa amma manyan itatuwa suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Ni dai abun da ke ci min rai masu gawayi ne, da sun ga reshe ya bushe sai su ce ta mutu su sa gatari, alhali ƙila da an bar ta damina biyu ta dawo. Ga masu cinna ma daji wuta da rani, ganyen da ya zube shi ke rufe ƙasa ya riƙe laima, a ƙone shi ƙurmus sannan a zo ana mamaki.

Kafin mu taso na ɗebi ƙasar gindin kawo rabin buhu, daga ɓangaren da ya fi inuwa, zan gauraya a ledojin irin kawon da nake reno a gida ko Allah zai sa su kama. Kawu na ta min dariya wai mutane na ɗauko masara daga gona ni ƙasa na ɗauko. Gobe akwai sallar roƙon ruwa a filin idi, ya ce in kwana a yi da ni, don haka sai jibi zan koma Bauchi in Allah ya kai mu.