Ciniki ɗaya, layi biyu a rumbun bayanai: yadda ake hana manhaja maimaita abin da ta riga ta aika

Yaron shago ya sayar da buhun shinkafa uku, ya danna maɓallin adanawa a manhajar waya. Alamar jira ta yi ta juyawa, can sai manhaja ta ce babu sabis. Ya sake dannawa, wannan karon ta tafi. Da dare mai shago ya zauna lissafi, rumbun bayanai ya nuna buhu shida sun fita, kuɗin da ke hannu kuwa na uku ne. Kafin a gano inda gizo ke saƙar, an riga an fara yi wa yaron kallon ɓarawo, alhali laifin na wanda ya rubuta manhajar ne.

Abin da ya faru shi ne saƙon farko ya isa uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke karɓar bayanan, ta rubuta cinikin, ta aiko da amsa, sai amsar ce ta ɓace a hanya. Kamar ka aiki yaro da saƙo ne bai dawo ba: ba ka san ko ya kai saƙon sannan ya tsaya wasa ba, ko tun a hanyar zuwa ya tsaya. Idan wa'adin jira ya ƙare, waya ba ta da hanyar rarrabe waɗannan biyun, kuma ƙara tsawon wa'adin ba ya warware komai. Kulle maɓalli bayan dannawar farko yana da kyau, a yi shi, amma da an rufe manhaja an sake buɗewa kullen ya tashi. Mafita ɗaya ce: a gina tsarin yadda ko sau goma aka aika saƙo ɗaya, sau ɗaya zai yi aiki.

A haifi lambar shaida a kan waya

Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar uwar garke ta ba wa ciniki lamba, 1, 2, 3, yadda rumbun bayanai ke yi da kansa. Muddin haka ne, duk saƙon da ya iso sabo ne a wurinta. A maimakon haka, waya ce za ta ƙirƙiri lambar UUID, wato doguwar lambar shaida da kowace na'ura ke iya fitarwa da kanta, tun lokacin da aka buɗe fom ɗin cinikin, ko a ƙalla kafin a taɓa intanet. UUID tsawonta bit 128 ne, yiwuwar wayoyi biyu su fitar da iri ɗaya ba abin damuwa ba ne. Idan laburaren da kake aiki da shi yana da siga ta 7, wadda takardar ƙa'ida ta RFC 9562 ta tsara a 2024, ka ɗauke ta: tana farawa da lokaci, don haka sababbin layuka suna jeruwa a ƙarshen fihirisa maimakon su warwatsu kamar na siga ta 4. Idan babu, ta 4 ma ta isa.

Inda ake tuntuɓe a nan shi ne a ƙirƙiri lambar a cikin aikin da ke aika saƙon. Kowane sake gwadawa sai ya zo da sabuwar lamba, an koma gidan jiya. Dole lambar ta kwanta a ma'ajiyar waya tare da cinikin.

A rubuta a gida tukuna

Maɓallin adanawa bai kamata ya kira intanet ba sam. Aikinsa shi ne ya rubuta a SQLite, ƙaramin rumbun bayanai na cikin waya, a tebur biyu: teburin ciniki, da wani tebur na saƙonnin da ke jiran tafiya. Wannan na biyun gurabensa kaɗan ne: lambar UUID, nau'in aikin, bayanan a tsarin JSON, sau nawa aka gwada, lokacin gwaji na gaba, da matsayinsa. Rubutun biyu su kasance a cikin tiransakshan ɗaya, ko duka su shiga ko duka su fasa. Idan ka raba su, batir na iya mutuwa a tsakani, a samu cinikin da yake a waya amma ba zai taɓa barinta ba, kuma babu wanda zai sani sai ranar da wayar ta faɗa ruwa. Ka kunna yanayin WAL, tsarin da ke barin karatu da rubutu su gudana tare, wanda SQLite ta samu tun siga 3.7.0 a 2010, domin allon da ke karanta jerin ciniki kada ya tsaya jiran mai rubutu.

Da an gama wannan rubutun sai a nuna wa mai amfani cewa an adana, tare da ƙaramar alama cewa bai tafi ba tukuna. Ina ganin wannan alamar wajibi ce. Mai shago yana da haƙƙin sanin cewa ciniki goma sha biyu na nan maƙale a wayar yaronsa kafin yaron ya tafi ƙauye da ita.

Wani aiki na daban a bayan fage shi ne zai riƙa kwashe jerin. A Android, laburaren WorkManager mai tsara ayyukan bayan fage ake amfani da shi, da sharaɗin sai akwai intanet, kuma a yi masa rajista da suna guda ta hanyar enqueueUniqueWork don kada ma'aikata biyu su kama jeri ɗaya a lokaci guda. Tazarar aikin da ke maimaituwa a WorkManager ba ta yin ƙasa da minti 15, kuma yanayin tsimin batir na Doze da ya zo da Android 6.0 yana iya jinkirta shi fiye da haka. Wasu kamfanonin waya ma suna ƙara nasu tsarin tsimin batir da ke kashe ayyukan bayan fage. Saboda haka a riƙa tayar da aikawa duk lokacin da aka buɗe manhaja da duk lokacin da aka adana sabon ciniki, a kuma sa maɓallin aikawa da hannu. Masu gina manhajar burauza za su ajiye jerin a IndexedDB, ma'ajiyar bayanai ta cikin burauza, kuma kada su yarda da navigator.onLine: abin da yake faɗa kawai shi ne na'urar tana haɗe da wata hanyar sadarwa, wayar da datarta ta ƙare ma tana iya cewa tana kan layi.

Ɓangaren uwar garke

Nan ne masu ƙwarewa ma suke zamewa. Dabarar da ta fi zuwa kai ita ce a duba da SELECT ko lambar tana nan, idan babu sai a yi INSERT. A gwajin ofis wannan yana aiki lafiya. A fili kuwa saƙon farko na iya maƙalewa a hanya, na biyu ya biyo shi, su iso kusan tare. Kowanne ya duba bai ga komai ba, kowanne ya rubuta. Rumbun bayanai ne kaɗai zai iya raba wannan gardama, don haka lambar UUID ta zama PRIMARY KEY ko a sa mata UNIQUE. A PostgreSQL, daga siga 9.5, ana rubuta:

INSERT INTO ciniki (id, shago, jimla_kobo) VALUES ($1, $2, $3) ON CONFLICT (id) DO NOTHING RETURNING id;

Idan layi ya dawo, cinikin sabo ne, sai a rage kaya, a rubuta bashi idan akwai, duk a cikin tiransakshan ɗin. Idan babu abin da ya dawo, maimaici ne: kada a taɓa komai, a ɗauko cinikin da ke ajiye a mayar da amsar nasara irin ta farko. Kada a mayar da kuskure, domin waya za ta ɗauka bai shiga ba ta ci gaba da turowa har abada. A MySQL na fi son a kama kuskure mai lamba 1062 da hannu maimakon INSERT IGNORE, saboda shi wannan yana haɗiye wasu kurakuran da ba su da alaƙa da maimaici, ya mayar da su gargaɗi kawai.

Akwai kuma yanayin da lamba ɗaya ta zo da bayanai daban. Wannan alamar matsala ce a manhajar waya. A ajiye SHA-256 na saƙon farko, wato gajeriyar lambar da ake lissafowa daga abin da saƙon ya ƙunsa, a kwatanta, idan sun saɓa a ƙi karɓa da lambar amsar HTTP 422. Kamfanin biyan kuɗi na Stripe ma suna ƙin irin wannan saƙon ta hanyar makullin hana maimaici nasu, Idempotency-Key, sai dai su suna iya share makullin bayan awa 24. Kai kada ka kwaikwayi wannan wa'adin, domin wayar da ke ƙauye tana iya yin sati ba ta ga sabis ba. Tunda lambar ita ce shaidar cinikin kansa, ba ta da ranar ƙarewa.

Ba kowace amsa ce ake sake gwadawa ba. Ƙarewar wa'adi, 429, 500, 502, 503 da 504, waɗannan a jira a sake. 401 a sabunta izinin shiga a sake, kada a goge saƙon. 400 da 422 kuwa ko sau dubu aka aika ba za su shiga ba. A cire su gefe, a yi musu alama, a nuna wa mutum, in ba haka ba saƙo ɗaya mara kyau zai toshe duk na bayansa. Tazarar jira ta riƙa ninkawa, daƙiƙa 5, 10, 20, 40, har ta tsaya a kamar minti 15, a kuma ƙara 'yan daƙiƙoƙi na kan mai uwa da wabi. Dalilin ƙarin shi ne idan sabis ya dawo a gari, wayoyi ɗari biyar kada su faɗo wa uwar garke a daƙiƙa ɗaya.

A aika abin da ya faru, ba jimla ba

A ce akwai buhu 40 a sito. Waya ta ɗaya ta sayar da 3, ta biyu ta sayar da 5, duk babu sabis. Idan kowacce ta aika sauran kaya, ɗaya za ta ce 37, ɗaya ta ce 35, wadda ta iso ƙarshe ta yi nasara, gaskiya kuwa 32 ce. Waya ta aika "an fitar da 3", uwar garke ta yi lissafi da kanta. Wani lokaci lissafin zai sauka ƙasa da sifili, saboda wayoyi biyu sun sayar da buhun ƙarshe. A karɓa, a yi masa alama don mai shago ya duba. An riga an karɓi kuɗi, ƙin rubuta cinikin ba zai dawo da shi ba.

Bayanan da ake gyarawa, kamar lambar wayar kwastoma, a sa musu gurbin siga, lambar da ke ƙaruwa duk lokacin da aka gyara layin. UPDATE ya zo da sharaɗin sigar da waya ta sani; idan bai taɓa layi ko ɗaya ba, wani ya riga ya gyara, a mayar da 409. Kada a yi hukunci da agogon waya. Wayar da aka cire wa batir tana iya komawa shekarun baya, wani kuma da gangan yake canja lokaci. A ajiye lokacin waya da na uwar garke duka biyu, a UTC, wato lokacin bai-ɗaya na duniya.

Janyo sababbin bayanai zuwa waya shi ma yana da tarko. Idan ana dogaro da lamba mai ƙaruwa ta rumbun bayanai, tiransakshan mai lamba 101 na iya kammala bayan mai 102. Wayar da ta janyo har 102 ba za ta taɓa ganin 101 ba. Hanya mai sauƙi ita ce kowane shago ya sami nasa ƙidayar a layi ɗaya, a ƙara ta da UPDATE a cikin tiransakshan ɗin rubutu. Kullen layin zai sa rubutun shago ɗaya su bi juna, kuma ga yawan cinikin shago wannan jiran ba a ko jin sa. Abin da aka goge kuma a bar layinsa da alamar gogewa, don sauran wayoyi su samu labari.

Maganar kuɗi

A ajiye kuɗi a kobo, cikakkiyar lamba: naira 12,500.50 ta zama 1250050. Lambobi masu ɗigo irin float ba sa riƙe kashi ɗaya cikin goma daidai, shi ya sa a JavaScript 0.1 + 0.2 ke ba da 0.30000000000000004. Sannan gurbin ya zama BIGINT a rumbun bayanai, Long a Kotlin. INT mai bit 32 yana tsayawa a 2,147,483,647, wanda a kobo naira miliyan 21 ne da ɗoriya. Ɗan kasuwar hatsi a Dawanau yana iya wuce wannan a mota ɗaya. Idan manhajar za ta tsallaka Maraɗi ko Damagaram, a ajiye nau'in kuɗin kusa da adadin, domin a ƙa'idar ISO 4217 sefa ba ta da ɗigo, raba ta da 100 zai ɓata lissafi.

Biyan kuɗi ta kati ko taransfa kada a taɓa rubuta shi "an biya" babu intanet. A ƙirƙiri lambar biyan a ajiye kafin a kira kamfanin biyan kuɗi, kamar Paystack da ke ba ka damar sa taka lambar kuma yake karɓar adadi a kobo. Idan amsa ta ɓace, a tambayi matsayin wannan lambar, kada a buɗe sabon biya.

Gwajin da ke tona asiri

Saka waya a yanayin jirgin sama ba ya gwada wannan matsalar, domin saƙon bai ma fita ba. Gwajin gaskiya shi ne a uwar garken gwaji ka sa jinkirin daƙiƙa 40 bayan COMMIT, wato kammala tiransakshan, kafin amsa, wa'adin waya kuma daƙiƙa 30. Ka adana ciniki, ka bar waya ta sake gwadawa sau uku, ka ƙirga layuka: ɗaya ya kamata ka gani, kayan sito ma sau ɗaya suka ragu. Sannan ka rubuta ɗan shiri da zai harba saƙo ɗaya sau 50 a lokaci guda, ka sake ƙirgawa. Na ƙarshe, ka kashe manhajar da ƙarfi daga saitin waya tana tsakiyar aikawa, ka buɗe ta, ka duba ko saƙon da ke matsayin "ana aikawa" ya koma jerin jira. Idan ya tsaya a nan, ka sa manhajar ta riƙa mayar da irin waɗannan saƙonni jerin jira duk lokacin da ta tashi.