Kirikiri a buhu, daga Garwa zuwa Marwa

Gwaggo ce ta aiko in zo Marwa, a arewacin Kamaru, in ga ɓarnar da damina ke yi wa tsakar gidanta. Duk shekara ruwan indararo sai ya kwashe ƙasa, har ya fara cin gindin katanga. Na sa ranar tafiya ƙarshen watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40.

Ana gobe zan tafi, da la'asar sakaliya, na gangara bakin Binuwai kusa da gada in sha iska. Ruwa ya ja baya, yashi ya fito fili. Gaɓar kogin duk ta zaizaye, tana ruftawa kaɗan-kaɗan, sai wani yanki kusa da lambun wani dattijo da ya tsaya daram, wata ciyawa ta lulluɓe shi kamar an shimfiɗa darduma. Na yi sallama, na ce, "Baba, me ka shuka nan?"

"Ɗana, ban shuka ba, Allah ne ya fito da ita. Kirikiri ce."

Ya sunkuya ya jawo zare ɗaya mai tsawon kamu biyu ya ɗora mini a tafin hannu. Na daɗe ina dubawa. Duk bayan yatsu uku akwai gaɓa, kowace gaɓa kuma ta saki farar saiwa siririya, ta kama ƙasa. Ganyen ƙanana ne, kore mai ratsin toka, kan furen ya rabu biyar kamar sawun kaza. Ya sa fartanya ya tona, sai ga wata jijiyar tana tafiya ta ƙarƙashi. Da ita take tsallake rani: sama ta bushe ƙamas, ruwan farko na sauka ta farfaɗo. Shanu su tattake ta, awaki su gwaguye ta, ba ta mutuwa. Wannan ce fa ciyawar da ake shimfiɗawa a filayen ƙwallo na ƙasashe masu zafi, a Amurka ana ce mata ciyawar Bamuda, mu kuwa muna taka ta kullum ba ma ko kallonta. Abin ya tsaya mini a rai.

Baba ya ja mini kunne: in ta shiga fangalin albasa, an shiga uku, domin ko guntu aka bari sai ya tsiro. Ya yanko mini da ƙasarta, muka cika rabin buhu.

Da asuba na shiga mota. Tafiyar kilomita 200 ce da 'yan kai. Ranar Lahadi ce, kasuwar Pitowa na ci, muka ɓata lokaci cikin cunkoson babura da shanu. Muka wuce Figil da farar ƙurar simintinta, sannan baƙar ƙasar masakwa, an girbe tuni, ta daddare. Duk inda aka tsaya sai in sauka in yayyafa wa buhun ruwa daga gorata. Yaron mota ya tambaye ni ko magani ne, na ce na katanga ne, na yi masa bayani, har wata Hajiya a kujerar gaba ta roƙi dunƙule ɗaya.

Marwa ta tarbe mu da inuwar darbejiya jere a bakin titi. Kogin Mayo Kaliyawo babu ko ɗigon ruwa, yara na buga ƙwallo a yashinsa.

Gwaggo na buɗe buhun ta riƙe baki. "Abin da nake biyan yara su cire mini a gona shi ka ɗauko tun daga Garwa?" Na ce, "Gwaggo, ki ba ni damina ɗaya." Da sanyin yamma muka sassara ƙasar da ke ƙarƙashin indararo, muka binne guntaye taƙi-taƙi, kowane da gaɓa biyu a ƙasa. Gindin darbejiya ba mu sa ba, kirikiri ba ta yi a inuwa. Tsakaninta da wurin yakuwa da rama kuma na binne bulo a tsaye don kada ta ƙetara. Ruwan alwala da na ɗauraya muka riƙa zuba mata safe da yamma.

Kwana tara na yi. Ranar da zan koma, na fito da jakata na tarar da Gwaggo a tsugune tana kare wurin da ƙayar aduwa saboda akuyarta, don gaɓoɓin sun fara fitar da koren kai.